A cikin waɗannan kwamfutocin tebur uku, wace ce ta fi dacewa da gida?

Uwar 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san kan kwamfuta. Muna son sayen kwamfutar tebur da za a ajiye a falo kowa ya riƙa amfani da ita. Aikin ba mai nauyi ba ne: yara su yi aikin makaranta, ni in riƙa shigar da lissafi a Excel, maigida ya buga wasiƙa ya fitar a firinta, sai kallon YouTube da kiran bidiyo da 'yan uwa na nesa. An nuna mana guda uku, kuɗinsu kusan ɗaya.

Ta farko doguwar akwati ce, an rubuta Core i7-3770, RAM 8GB, ma'adana 1TB. Ta biyu ƙarama ce, ta ofis da aka taɓa amfani da ita, Core i5-8500, RAM 8GB, ma'adana irin SSD 256GB. Waɗannan biyun an haɗa su da allo da kibod. Ta uku sabuwa ce dal a kwali, irin wadda allon da kwamfutar suke jiki ɗaya, Celeron, RAM 4GB, ma'adana 128GB. Maigida ya karkata ga ta farko saboda i7 ce kuma wurin ajiyarta ya fi yawa. Ni kuwa sabuwar ce ta kwanta mini. Wace ce za ta fi yi mana amfani?

Gwaggon Yara:
Wa alaikumus salam. Hajiya me zai hana ku sayi laftof kawai? Ga batir a jikinta, ga kyamara, ga kibod, in kin ga dama ki ɗauka ki shige ɗaki.

Uwar 'Yan Biyu:
Ai shigewa ɗakin ne ba na so, Anti. In tana falo ina ganin abin da yara suke buɗewa, kuma babu mai ɗauke ta ya kai kan gado.

Mai Gyara:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ta biyun za ki ɗauka, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce. Bari in faɗi dalili don ki samu abin da za ki gaya wa maigida.

Sunan i7 shi kaɗai ba ya nuna ƙarfin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, sai an duba lambar da ke biye da shi. Kamar mai sayar da mota ne ya ce miki babbar mota ce, amma bai faɗa miki shekarar da aka ƙera ta ba. A 3770 lambar farko 3 ce, zubi na 3 ke nan, wanda Intel ta fitar a 2012. A 8500 kuwa 8 ce, zubi na 8, kuma a 2018 ta fito. Waccan i7 ɗin ƙwayoyin aiki 4 gare ta, wannan i5 ɗin 6 gare ta, kuma kowace ƙwaya ta fi ta waccan sauri. In lambobin sun kai biyar, kamar 10400 ko 12400, to biyun farko su ne zubin. Masu sayarwa sun san i7 mutane suke ji, shi ya sa wasu suke rubuta shi da manyan baƙaƙe su yi shiru da sauran.

Abin da ya fi damuna ma ba saurin ba ne. Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta rufe wa'adin Windows 10, ta daina tura mata gyaran tsaro na yau da kullum. Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar firosesar Intel da ke ƙasa da zubi na 8, in ban da wasu 'yan ƙalilan, kuma tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin injin. Ke nan ta farkon ta riga ta fita layi tun kafin ki kawo ta gida. Ta biyun kuwa ta shiga.

Ita ta ukun, RAM ɗinta, wato inda kwamfuta take riƙe abin da ake aiki da shi a lokacin, 4GB ne, kuma shi ne mafi ƙanƙantar abin da Windows 11 take yarda da shi. Windows ɗin kanta za ta cinye fiye da rabi kafin ki buɗe komai. Ki buɗe Excel, yaro ya bar shafuka shida a burauza, ki kira bidiyo a kai, sai ki ga linzamin yana ta juyawa kina zaune kina jira. Kuma ki tambaya ko 128GB ɗin nan SSD ce ta gaske ko eMMC. Ita eMMC a manne take a jikin madabod, babban falan da kayan ciki suke haɗe a kansa, ta fi SSD nawa, kuma ba a cire ta a sa babba.

Tsohon Akawu:
Malam Mai Gyara, na ji bayaninka kuma na ƙaru. Amma ina da ja a wuri ɗaya. Kana ce wa baiwar Allah ta bar sabuwa mai garanti ta ɗauki wadda wani ofis ya yi shekaru yana mora. In ta mutu bayan wata biyu, wa za ta kama? Araha ba ta ado. Ni a rayuwar aikina na ga injuna da yawa da aka saya gwanjo, kuɗin gyaransu ya zo ya fi kuɗin sayensu.

Mai Gyara:
Baba, maganarku gaskiya ce, garanti abu ne mai daraja kuma ba na raina shi. Sai dai garanti yana rufe lalacewa ne, ba ya rufe nawa. In ta mayar da sabuwar ta ce jinkiri take yi, za su kunna, su ga tana tashi, su ce lafiyarta ƙalau, haka aka yi ta. Da a ce sabuwar mai i3 ce na zubi na 12 da RAM 8GB da SSD, da ni ma ita zan ce ta ɗauka, don i3-12100 ta 2022 ta fi tsofaffin i7 da yawa. Amma ba ita ce a gabanmu ba.

Su kuma waɗannan na ofis ɗin, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, an yi su ne don a kunna tun safe har yamma kowace rana. Kamfanoni suna sauya su ne idan wa'adin da suka ɗiba ya cika, ba wai don sun lalace ba. An ƙera su da yawa ƙwarai, saboda haka kayan gyaransu ba sa wuyar samu, kuma yawancinsu ko sukudireba ba ka buƙata kafin ka buɗe murfin. Abin da zan yarda da ku a kai shi ne, kada ta biya sai mai sayarwa ya rubuta mata a rasit cewa za ta iya mayarwa cikin wani wa'adi.

Tsohon Akawu:
To wannan sharaɗin shi ne maganata. A rubuce, ba da baki ba. Kuma a sa lambar jikin injin a rasit ɗin.

Ɗan Auta:
Ni fa duk ukun ba su yi mini ba. Anti ki ƙara kuɗi kaɗan a haɗa miki da hannu. Ryzen 5 5600G, RAM 16GB, SSD mai sauri irin NVMe 512GB, akwati mai iska. Ƙwayoyi 6 gare ta kuma ɓangaren hotonta ya fi na i5-8500 nesa ba kusa ba. Yara za su girma, wata rana za su ce suna son gem ko haɗa bidiyo. A akwatin ofis ɗin nan ba za ki iya sa babban katin hoto ba.

Ɗalibar Injiniya:
Ɗan Auta, maganarka ta ƙarshe gaskiya ce. Siraran akwatunan ofis gajeren kati kawai suke ɗauka, na'urar raba wutarsu ƙarama ce, kuma sau da yawa filoginta na kamfanin ne shi kaɗai, ba za ka sayo kowace ka sa ba. Dole katin ya zama wanda zai wadatu da watt 75 ɗin da ramin PCIe, inda ake soka katin, yake bayarwa. Amma Anti ba ta ce gem ba. Kuma "ƙara kaɗan" ɗin nan, in ka lissafa madabod, akwati, na'urar wuta mai kyau, lasisin Windows, allo da kibod, ba kaɗan ba ne. Na ofis ɗin galibi lasisinta yana cikin madabod, da an sa Windows an hau intanet za ta kunna kanta.

Mai Gyara:
Ƙanena, haɗin da ka faɗa mai kyau ne, na haɗa wa mutane irinsa kuma ba su yi kuka ba. Ga mai kuɗin, bismillah. Amma tunda ka kawo maganar, bari in ja kunnen masu karantawa a kan baƙaƙen da ke ƙarshen lamba, don nan ake yawan faɗawa rami. Ryzen 5 5600G tana da ɓangaren hoto a cikinta, Ryzen 5 5600 marar G ba ta da shi. A Intel kuma akasin haka ne, wadda ta ƙare da F, kamar 12400F, ita ce ba ta da shi. An sha kawo mini sabon haɗi, fanka tana juyawa, fitila tana ci, allo baƙi ƙirin, mai ita yana cewa an sayar masa da matacciya. Ba matacciya ba ce, katin hoto take nema.

Kuma duk wanda zai haɗa, kada ya yi rowa a na'urar raba wuta. Marar suna in ta tashi mutuwa ba ita kaɗai take tafiya ba.

Ɗan Auta:
Na yarda Yaya. Amma ina nan a kan bakana game da RAM. 8GB ya yi kaɗan a yanzu.

Uwar 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa maigida. Ya gamsu da maganar zubi, amma ya ce yaya za a bar 1TB a ɗauki 256GB? Wai kusan ninki huɗu ne. Muna da hotuna da bidiyo masu yawa na iyali.

Ɗalibar Injiniya:
Anti, ki gaya wa Abba ba iri ɗaya ba ne. 1TB ɗin nan kusan tabbas HDD ce, wato faifai ne na gaske yake juyawa a ciki, sau 7200 a minti ɗaya a yawancin na tebur, da wani ɗan hannu da yake kai da kawo yana neman inda aka rubuta abu. SSD ba ta da abin da yake motsi. In ana kwafe babban fayil, HDD tana yin kamar 100 zuwa 200MB a daƙiƙa, SSD irin ta SATA tana kai wajen 550, NVMe kuma 3000 da wani abu ko fiye. Amma ba nan ne babban bambancin yake ba. Lokacin da Windows take tashi ko ake buɗe manhaja, dubban ƙananan fayiloli take karantawa a warwatse. Kowane ɗaya sai hannun HDD ya je ya nemo shi, faifan ya juyo. SSD kuwa nan take take miƙo shi. Shi ya sa za ki ga kwamfuta mai firosesa babba tana shafe mintuna kafin ta gama farkawa, wata mai ƙaramar firosesa da SSD ta tashi kafin ki gyara zama.

A aikin gida, babu abin da yake sauya yadda ake jin kwamfuta a hannu kamar wannan. Hotuna da bidiyo kuwa ba sa buƙatar sauri, wuri suke buƙata. A saya musu faifan waje mai shiga ta USB, ko a ƙara HDD a cikin akwatin in akwai gurbi. Windows da manhajoji su zauna a SSD.

Af, kada ki tsorata in kin ga Windows ta nuna 238GB a maimakon 256. Bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙerawa da Windows, ba cuta ba ce. 1TB ma 931GB take nunawa.

Tsohon Akawu:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, yau na gane abin da ya sa tawa take ƙara tana ƙirƙir in na kunna ta. Ina so in ƙara abu ɗaya a kan hotunan nan. Hajiya, duk inda kika ajiye su, kada ya zama wuri ɗaya ne tak. Na san gidan da hotunan shekaru suka tafi a dare ɗaya saboda faifai ɗaya ya daina juyawa, har da na mahaifiyarsu da ta rasu. Kwamfuta ana sake saye, waɗannan ba a sake ɗauka. Ki yi kwafi biyu, ɗaya a wani wuri dabam.

Mai Gyara:
Baba kun taɓo inda yake mini ciwo. SSD ma tana mutuwa, kuma ita ba ta yin ƙarar gargaɗi kamar HDD. Kwafi dole ne ko wace iri aka saya.

Malamin Lissafi:
Ina bin muhawarar tun farko. Na yarda ta biyun ta fi, amma ban ji daɗin yadda aka yi wa ta farkon jana'iza ba. i7-3770 da RAM 8GB, in aka sa mata SSD, tana buɗe burauza da takardu ba tare da wata matsala ba. Dokar Windows 11 ce ta ajiye ta, ba gazawarta ba. A sa mata Linux Mint a madadin Windows, kyauta ce, zubi na 22 yana samun gyaran tsaro har 2029, kuma ya zo da LibreOffice wanda yake buɗe fayilolin Word da Excel. Ina da ɗalibai da suke aiki da irin waɗannan injuna lafiya lau. Abin takaici ne a ce injin da yake aiki ya koma shara.

Mai Gyara:
Malam, ban ce a zubar da ita ba. Wanda yake da irinta a gida, shawararka ita ce daidai: SSD da Linux, ta ƙara shekaru. Amma akwai bambanci tsakanin riƙe wadda kake da ita da fitar da kuɗi ka sayo ta yau, a farashin da zai ba ka wadda ta fi ta da zubi biyar. Sannan Hajiya Excel take aiki da shi kullum. LibreOffice yana buɗe fayil mai sauƙi ba matsala, amma in akwai makro ko tsari mai sarƙaƙiya, wani lokaci yana hargitsewa. Ga firinta, sai an bincika ko tana tafiya da Linux. Ga makarantar yara da za ta iya cewa a sa wata manhaja da Windows kawai take yi.

Ɗan Auta:
Ai ana iya tsallake binciken a sa Windows 11 a tsohuwar. Akwai hanyoyi birjik a YouTube.

Mai Gyara:
Ana iyawa, kuma tana tashi. Amma Microsoft da kanta ta ce injin da bai cika sharaɗi ba ba ta yi masa alkawarin sabuntawa ba. Kai da kake son taɓe-taɓe, in babbar sabuntawa ta ƙi shiga za ka zauna ka warware. Gidan da ake son a kunna a yi aiki a kashe, ba zan ɗora musu wannan ba.

Malamin Lissafi:
Na karɓi wannan. Zan dai ƙara wa masu Windows 10 da ba su shirya sauyawa ba cewa akwai shirin ƙarin wa'adi na ESU, amma da aka buɗe shi, wa'adin da aka ɗiba wa masu amfanin gida shi ne 13 ga Oktoba, 2026. Numfashi ne na ɗan lokaci, ba mafita ba.

Gwaggon Yara:
To ni tambayata, me ya sa kowa yake gudun mai haɗe da allon nan? Ni wallahi tsabtarta take burge ni, waya ɗaya tal a bayan tebur.

Mai Gyara:
Anti, tana da kyau a ido, kuma akwai masu ƙarfi a cikinsu, sai dai su ba a wannan farashin suke ba. Matsalarta ita ce ƙaddarar allo da ta kwamfuta sun zama ɗaya. Yaro ya jefa ƙwallo allon ya tsage, duk injin ya tafi wurin gyara, kuma allon nata ba kowane ne zai shiga ba. In kuma kwamfutar ce ta tsufa, allon mai kyau ya bi ta. A rabe kuwa, allo ɗaya yana iya cinye kwamfuta biyu ko uku.

Ɗalibar Injiniya:
In don tsabtar tebur ne, akwai ƙananan da ba su wuce girman littafi ba, har ana ɗaure su a bayan allo. Lenovo tana kiran nata Tiny, HP Mini, Dell Micro. Galibi firosesarsu tana ƙarewa da T, kamar i5-8500T, mai watt 35 a maimakon 65. Ta ɗan rage sauri amma ba ta shan wuta, ba ta ƙara. Akwai kuma sababbi ƙanana masu Intel N100 ta 2023, ƙwayoyi 4, watt 6 kacal. Ba ta kai i5-8500 ƙarfi ba, amma da RAM 16GB da SSD tana ɗaukar burauza da Office da bidiyo. Ga Baba da yake son sabuwa mai garanti, wannan ta fi Celeron mai 4GB ɗin can.

Uwar 'Yan Biyu:
Alhamdu lillah, mun tsaya a kan ta biyun. Malam Mai Gyara, me zan duba kafin in biya? Ka faɗa mini dalla-dalla don ni ba gwana ba ce.

Mai Gyara:
Ba sai kin zama gwana ba Hajiya. Kada ki yarda da takardar da aka manna a jiki, ki sa a kunna a gabanki. In Windows ta tashi, ki danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Ki shiga Performance. A nan za ki ga sunan firosesa da lambarta a sama, ki tabbatar 8500 ce. Ki danna Memory ki ga yawan RAM da gurbi nawa aka cika. Ki danna Disk, zai rubuta miki SSD ko HDD ƙarara.

Ki roƙi a buɗe CrystalDiskInfo, manhaja ce ta kyauta, duk mai sayar da kwamfuta ya san ta. Tana nuna lafiyar ma'adana da awannin da ta yi tana aiki. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuma ki ce a sauya kafin a yi maganar kuɗi. Sannan a shiga Settings a nuna miki Windows 11 ce kuma an kunna lasisinta.

Akwai abu biyu da suka shafi na ofis musamman. A sake kunna ta a shiga BIOS a gabanki, wato shafin saitin injin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi. In ta nemi kalmar sirri kuma mai sayarwa bai san ta ba, ki bar ta. Haka nan wasu suna nan a rajistar kamfanin da ya yi amfani da su, sai an sake sa Windows an hau intanet, ta fito da sunan kamfanin tana neman ma'aikacinsu ya shiga. Ki tambaya ko an sake sa Windows daga tushe an gwada ta a intanet.

Daga nan ki sa a zare murfin. Ki leƙa tsakanin fanka da ƙarfen da ke ƙarƙashinta mai tsaga-tsaga. Wani lokaci ƙura takan taru a wurin ta dunƙule har ana ɓare ta da yatsa a ɗago ta gaba ɗaya, iska ba ta wucewa, fanka tana ta ihu. Wannan ba aibi ba ne, hurawa kawai take so, amma a hure kafin ki ɗauka. Ki duba ko akwai tsatsa ko alamar ruwa ko warin ƙuna, waɗannan su ne aibi. Ki tafi da filashi ki gwada kowace kafar USB, gaba da baya. Ki bar bidiyo yana tafiya kamar minti 20 kina sauraron fankar. In agogonta yana komawa baya duk sanda aka zare wuta, ƙaramin batirin CR2032 ne ya mutu, sauya shi ba wani abu ba ne.

Ɗalibar Injiniya:
Ƙari a kan na Yaya: yawancin na ofis da wayar intanet ake haɗa su, saboda haka ba duka suke da Wi-Fi ba. Ki tambaya. In babu, ɗan adafta na USB yana magance shi. Kyamara da makirfo ma babu, sai an saya dabam tunda kina kiran bidiyo. Ki sa su a lissafi tun yanzu.

Tsohon Akawu:
Ba wanda ya yi maganar allon, alhali shi ido yake kallo. Waɗanda ake haɗawa kyauta ɗin nan sau da yawa tsofaffi ne ƙanana masu dishi-dishi. Yara za su zauna gabansa suna karatu.

Mai Gyara:
Gaskiya ne Baba. In allon da aka haɗa ƙarami ne, gara ta ce a cire shi a rage mata kuɗi, ta nemi mai inci 24, 1920 da 1080, irin IPS, wanda launinsa ba ya sauyawa in an kalle shi daga gefe. Wannan yana da amfani a falo inda mutum biyu ko uku za su taru a gabansa. A ajiye shi nisan hannu, saman allon daidai da ido ko ƙasa kaɗan. A buɗe farin shafi da baƙin shafi a duba ko akwai ɗigo ko layi.

Kuma a duba bayan kwamfutar. Da yawa daga na ofis DisplayPort gare su, ba HDMI ba. Sun yi kama amma ba sa shiga juna. Akwai waya mai DisplayPort a kai ɗaya da HDMI a ɗayan, sai dai hanya ɗaya take bi: daga kwamfuta mai DisplayPort zuwa allo mai HDMI. In aka juya ba ta aiki.

Gwaggon Yara:
Saura maganar da na fara da ita. Laftof tana da batir, wannan in wuta ta ɗauke fa?

Ɗalibar Injiniya:
Nan kam kin fi mu gaskiya Anti. Ta tebur tana mutuwa nan take, abin da ba a adana ba ya tafi, kuma yawan yankewar yana iya lalata fayilolin Windows. Maganinsa UPS, akwatin batir da yake riƙe kwamfutar in wuta ta ɗauke. Ba don a ci gaba da aiki na awanni ba, don a samu 'yan mintuna a adana a kashe cikin natsuwa. Ƙaramar UPS ta ishi irin wannan injin da allonsa. Kada dai a haɗa firinta mai leza a jikinta, tana fizgar wuta da yawa lokacin da take ɗumama.

Uwar 'Yan Biyu:
An duba yadda kuka ce. 8500 ce, SSD ɗin ta nuna shuɗi, BIOS ba kulle, an rubuta wa'adin mayarwa da lambar injin a rasit kamar yadda Baba ya ce. Mun bar musu allonsu za mu nemi mai inci 24. A wurin Memory na ga an cika gurbi 1 cikin 4. Ɗan Auta ya ce 8GB ya yi kaɗan, in ƙara ne ko in bari?

Ɗan Auta:
Ki ƙara Anti! Ba za ki yi nadama ba.

Malamin Lissafi:
Ni da na ce ta fara aiki da ita tukuna. In ta ga Memory yana haura kashi 80 cikin 100 a aikinta na kullum, sai ta ƙara. Gurbin ba gudu zai yi ba.

Mai Gyara:
Duka biyun daidai ne, amma a nan na fi karkata ga Ɗan Auta, saboda wani dalili dabam. Sanda ɗaya ce a ciki, ke nan RAM ɗin hanya ɗaya yake bi. In aka sa ta biyu, hanyoyi biyu suke buɗewa, kuma ɓangaren hoton da ke cikin firosesar da wannan RAM ɗin yake aiki, shi ma sai ya samu sarari. Ga shi gida ne da kowa zai buɗe asusunsa, wani ya tashi bai rufe nasa ba wani ya zauna.

Abin da za ki nema shi ne DDR4, 8GB, mai gudun 2666, doguwar sanda ta kwamfutar tebur. Tunda gurbi 4 gare ta, ba gajeriyar nan ta laftof take ɗauka ba. DDR3 da DDR5 ba za su shiga ba, tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba, kuma kada a danna da ƙarfi. Ki ɗauki hoton takardar da ke jikin sandar da ke ciki ki nuna wa mai sayarwa ya ba ki mai kama da ita. Wurin sawa, a kashe a zare waya daga bango, a taɓa ƙarfen akwatin kafin a taɓa sandar, a sa ta a gurbin da maƙallansa suke launi ɗaya da na wadda ke ciki, a danna gefe biyu har su kama da kansu. In an kunna, Task Manager zai nuna 16GB da gurbi 2 cikin 4.